Ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin ƙarin kansar baki: alamar alheri ce ko ta yaɗuwa?

Abu Hafsat, Agege:
Assalamu alaikum. An yi wa baffana tiyata an cire masa ƙari a gefen harshe, kuma takardar gwajin naman ta nuna cewa akwai limfosait masu yawa a cikin ƙarin da kewayensa. Shin wannan yana nufin cutar ta yaɗu ne? Masana su taimaka mana da bayani.

Likitan Haƙori, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba baffa lafiya. Limfosait fararen ƙwayoyin jini ne na garkuwar jiki, kuma ganinsu a cikin ƙari ba ya nufin yaɗuwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na kansar baki daga shimfiɗar fatar cikin baki take tasowa, kuma a irin wannan kansar bincike da dama ya nuna cewa marasa lafiyan da ƙarinsu ke cike da limfosait, musamman nau'in CD8 mai kashe ƙwayoyin kansa kai tsaye, sun fi samun sakamako mai kyau, domin hakan shaida ce cewa jiki ya gane cutar yana kuma yaƙarta.

Hajiya Ummi, Ikeja:
Likita ya yi gaskiya, sai dai ba kowace ƙwayar garkuwa ce ke taimakon mara lafiya ba. Akwai makrofej (wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki) masu ɗauke da alamar CD163, waɗanda ƙarin ke juya su har su riƙa danne sauran ƙwayoyin garkuwa, suna kuma taimaka masa ya fitar da sababbin jijiyoyin jini, kuma yawansu ana danganta shi da mummunan sakamako. Gwajin yau da kullum ba ya rarrabe su sai an yi wa naman rini na musamman. A ganina, Malam, ku fi mayar da hankali ga zurfin da ƙarin ya ci cikin harshe, da ko an cire shi tas har gefunansa, da ko ya kai kaluluwar wuya, domin waɗannan ne ke nuna ko za a buƙaci gashi da na'urar haske (radiotherapy) bayan tiyata.

Abu Hafsat:
Na gode, Hajiya. To akwai maganin da ke ƙarfafa waɗannan limfosait ɗin?

Likitan Haƙori:
Akwai pembrolizumab da nivolumab, waɗanda Amurka ta amince da su a 2016 don kansar kai da wuya da ta dawo ko ta yaɗu. Suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba, saboda haka ku tafi da takardar wurin likitan kansa a ranar ganin baffa ta gaba.