Autanmu da rigar dala 300: ina neman shawara

Yayar Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Bronx da ke New York shekara tara ke nan, autanmu kuma yana hannuna tun rasuwar Baba. Shekararsa 17, yana ajin ƙarshe na sakandare. Tun bara ya faɗa wani kiɗa da ake rubutawa hardcore punk, su a bakinsu hadko. Ga wanda bai taɓa ji ba: ganga kamar mata goma sun haɗu a turmi ɗaya, jita tana kuka kamar injin markaɗe, mawaƙin kuwa ihu zalla, kafin ki gane inda aka dosa waƙar ta ƙare.

Ranar da na fara ganin ya zana X da baƙar tawada a bayan hannayensa biyu, cikina ya ɗuri ruwa, na ɗauka ƙungiyar asiri ce. Ya ce alamar wanda ba ya shan giya, ba taba, ba ƙwaya ce. Tsakani da Allah ban taɓa jin warin komai a jikinsa ba, sallah kuma asuba ce kaɗai sai na buga masa ƙofa.

Lahadi uku da suka wuce ya je wani wasa a Brooklyn sanye da rigar ƙungiyar Minor Threat, wadda ya saya a wani babban kanti dala ashirin da 'yan kai. Wani dattijon Bature, furfura a gemu, zane tun daga wuya har yatsu, ya tare shi a gaban abokansa ya ce ya kawo sunan waƙoƙinsu uku. Yaron ya san su, a kunnena yake sa su kullum, amma kunya ta ɗaure masa harshe, biyu ya iya kawowa. Mutumin ya ce masa "poser", wato ɗan bogi, wai su 'yan TikTok ne suka ɓata musu harka. Washegari a kwandon shara na tsinci rigar.

To yanzu ya tara dala 300 daga aikin da yake yi Asabar a wani kanti, ya ce zai sayi tsohuwar riga ta shekarun 1980 a intanet. Na ga hotonta, ta koɗe, har da huji a hammata. Ni kuma kuɗin takardun neman jami'a ne a gabana. In raba shi da kiɗan baki ɗaya? In hana rigar kawai? Ko in zuba ido, tunda guminsa ne?

Maman 'Yan Biyu:
Dala 300 a kan tsumma? Ƙanwata, irin wannan a layin 'yan gwanjo na Maraɗi ko kyauta aka ba ki goge-goge za ki yi da ita. Ki karɓe kuɗin, ki rufe maganar kiɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan Baltimore:
Yaya, ni shekara bakwai ina zuwa irin waɗannan wasannin, bari in ba ki abin da za ki faɗa masa.

Maganar X gaskiya ya faɗa miki. A da, gidajen wasa suna zana wa yaran da shekarunsu ba su kai na shan giya ba X a hannu don kada a sayar musu. Wasu samari 'yan Washington suka gani a 1980, suka mayar da ita abin alfahari. Ɗaya daga cikinsu, Ian MacKaye, shi ne mawaƙin Minor Threat. A 1981 suka fitar da wata waƙa, "Straight Edge", ko minti ɗaya ba ta kai ba, sunanta ya zama sunan masu wannan aƙidar har yau. Ƙungiyar kanta 1983 ta watse.

Abin da ya ba ni dariya a labarinki shi ne, hadko tun tashinsa gudun kwalliya yake. Pank (punk) na farko, wanda hadko ya fito daga cikinsa, a Landan, wajen 1976, har shago gare shi a King's Road, na Vivienne Westwood da Malcolm McLaren, inda ake sayar da yagaggun kaya masu fil da sarƙa da tsada. Yaran Amurka da suka zo daga baya suka ce su ba su da lokacin rina gashi: wandon jins, riga mai gajeren hannu, aski ƙwal, shi ke nan. Tsakiyar shekarun 1980 kuma wasu suka taso a New York, irin su Youth of Today da Gorilla Biscuits, da rigar sanyi mai hula ta Champion da takalman Nike kamar 'yan ƙwallon makaranta. Na gabansu suka yi ta musu ba'a. Wato shi wannan dattijon, duk abin da ya sa yana ɗan 17, akwai wanda ya harare shi a kansa.

MacKaye ɗin ma, da ya kafa wata ƙungiyar mai suna Fugazi, dala biyar suke karɓa a ƙofa, yaro da babba kowa ya shiga, kuma ba sa sayar da riga ko ɗaya. A 2013 da aka yi ta surutu don an ga rigar Minor Threat a babban kantin kayan sawa na Urban Outfitters dala 28, sai ta bayyana da izininsa ake bugawa, don ya gaji da bin masu buga ta jabu. To in mai ɗaki bai ɗauki riga a bakin komai ba, ina ruwan ɗan haya?

Abu na ƙarshe, ki ce ya duba hoton ƙungiyar Bad Brains. Baƙaƙen fata huɗu ne daga Washington, tun ƙarshen shekarun 1970, kuma su MacKaye da bakinsu suke cewa a wurinsu suka ga yadda ake yi. Kada wani ya sa shi jin baƙo ne a gidan.

Baba Mai Tebur:
'Yata, ni ban san kiɗan nan ba, amma X na san ta, ta ciyar da ni. A 1992 ina da tebur a titi na 125 a Harlem, mu 'yan Nijar da yawa, Hausawa da Zabarmawa. Shekarar ce fim ɗin Malcolm X ya fito, hula mai X ta zama ruwan dare. Akwai mai lasisi, akwai wadda muke sarowa a ƙasan gari da dozin, ita muka fi sayarwa. Wata rana wani malamin makaranta ya tsaya a kaina yana ta faɗa, wai yaran da ke saye ba su karanta ko shafi ɗaya na mutumin ba, ado kawai suke. Gaskiyarsa ce, yawancinsu ba su karanta ba. Amma akwai wani yaro da ya sayi ta dala biyar a wurina, bayan shekara biyu, dab da lokacin da magajin gari Giuliani ya tashe mu zuwa titi na 116, na gan shi a sahun Juma'a. Hular jabu ce, ni na sayar masa, na fi kowa sani.

Kada ki karɓe masa kuɗi da ƙarfi. Maraya ne, kuma an kunyata shi a gaban tsaransa, ciwon nan yake son ya saya wa magani. Ki fitar da rigar nan daga shara ki wanke ki ajiye, kada ki ce masa komai tukuna.

Tela a Philadelphia:
Anti, ni ɗinki da buga rubutu a riga ne sana'ata, ƙananan ƙungiyoyin nan suna kawo min aiki, hamsin hamsin, wani lokaci talatin. Ta fannin kuɗi zan fara. Kasuwar tsofaffin rigunan nan cike take da algus. Masu saye suna duba bakin hannu da gindin riga: in ɗinki layi ɗaya ne sai su ce ta da ce, don kamfanoni sun koma layi biyu a shekarun 1990. To keken da ke yin layi ɗaya bai mutu ba, yana nan ana sayarwa. A buga zane, a wanke da sinadari har ta koɗe, a goga mata takardar yashi a wuya, a liƙa tsohuwar alama. Yaro ɗan 17 da hoton waya ba zai bambance ba. Kuma ko ta gaske ce, dattijon nan zai fi raina shi, don a wurinsu yaron da ya zuba 300 a riga shi ne ainihin wanda suke zagi.

Sai dai ban yarda a mayar da dattijon mahaukaci ba, ko da yake bai kyauta ba ko kaɗan. Ku duba abin da ya gani da idonsa. Gidan wasa na CBGB da ke Bowery a New York, inda suke taruwa duk Lahadi da rana suna yara, an rufe shi a 2006, bayan shekara biyu wurin ya zama kantin kayan sawa na masu kuɗi. A 2013 gidan tarihi na Metropolitan ya yi bikin kwalliya da sunan pank, attajirai suka zo da fil na zinariya. Ƙungiyar hadko ta Turnstile ta garinsu Ɗan Baltimore ta fitar da faifai a 2021, aka sa su a takarar lambar yabon mawaƙa ta Grammy, waƙarsu ta shiga tallar gidan abinci na Taco Bell. Wurin da ya saba ganin mutum tamanin da ya san sunan kowa, yanzu dubu ne, rabi waya a sama. Mutum ya yi shekara arba'in yana ɗaukar lasifika a kafaɗa kyauta, ya wayi gari abin ya zama ado. Haushinsa na da tushe, hucewar ce ya yi a kan wanda bai ci masa komai ba.

Ni abin da zan ji tsoro ba riga ba ce. Kunne ne. Ki saya masa abin toshe kunne, arha ne, ƙarar wuraren nan tana barin mutum da ƙugi har tsufa. Sannan tsakiyar fili da suke ture-ture da wurgi da hannu, ana fasa hanci. Kuma ki riƙa jin bakinsa: masu X ɗin nan akwai waɗanda abin ya hau musu kai, a Salt Lake City a shekarun 1990 har duka suka riƙa yi wa masu shaye-shaye, 'yan sanda suka sa su a jerin 'yan daba. Ranar da kika ji ya fara zagin wanda ba irinsa ba, ya kama hanyar zama dattijon nan ke nan.

Malam na Masallacin Layi:
Hukuncin kiɗa magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, ki kai shi gaban limaminku su zauna, ba a zaure irin wannan za a yanke ba. Abu biyu kawai zan ce. Tawadar hannun nan a duba: in tana yin ɓawo a kan fata ta hana ruwa shiga, sai ya kankare kafin alwala, in launi kawai take bari kamar lalle, babu laifi. Na biyu, 300 a kan riga mai huji almubazzaranci ne, ko ta wane ce. Amma yaron da ya guji giya a garin nan, a yaba masa, a kuma tuna masa cewa tun kafin 1981 aka hana shi.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai na ga duk kun taru kuna lallaɓa yaro. Mu da aka ce mana bari, bari muke yi. Yau riga, gobe zane a wuya kamar na wancan tsohon.

Ɗan Baltimore:
Hajiya, a gafarce ni, ba musu nake da ke ba. Amma nan ba Maraɗi ba ce, wata bakwai ko takwas ya rage doka ta ce shi babba ne. In aka rufe ƙofa zai bi ta taga, kuma ranar da aka fasa masa hanci ba zai kira gida ba. Zanen jiki kam ina bayanki, ni ma ban yi ba, mahaifiyata ta yi min rantsuwa.

Yaya, in yana son tsofaffin nan su san da shi, hanya ɗaya na gani tana aiki. Ya riƙa zuwa da wuri ya kama musu ɗaukar kaya, ya tsaya kallon ƙungiyar farko da ba wanda ya sani, in wani ya faɗi a fili ya ɗaga shi. Rigar dala 20 da zai saya a teburin yaran da suka yi wasa ranar, kuɗin man motarsu ne zuwa gari na gaba.

Yayar Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda aka yi. Baba Mai Tebur, na bi maganarka, na wanke rigar na ninke a kan gadonsa ban ce uffan ba. Kwana huɗu tana nan inda na ajiye. Na karanta masa abin da Tela ya rubuta kan takardar yashi, ya yi shiru, ya koma ya ƙura wa hoton ido, ya ce shi dai tasa ta gaske ce. Mun tsaya a kan zai ba ni 150 na takardu, sauran nasa ne, kuma 150 ba ta sayen waccan.

Jiya Lahadi na ce sai na bi shi. Ya yi ta roƙo, na ce ko ni ko zaman gida. Wani ɗaki ne a ƙarƙashin coci, dala 15 a ƙofa, na tsaya can baya kusa da mai sayar da ruwa da hijabina da abin toshe kunne. Wata yarinya mai koren gashi ta kawo min kujera tana ce min "Mama". Dattijon bai zo ba, ko kuma ya zo autan bai nuna min shi ba, don masu furfura da zane sun kai biyar. Rigar da na wanke ya sa, amma a ƙarƙashin rigar sanyi, zif har wuya, duk zafin wurin bai buɗe ba. Takalminsa ɗaya ya ɓace a turmutsitsin, da safa ya hau jirgin ƙasa. Tela, wai in tambaye ka nawa ne allon buga rubutun nan da tawadarsa, shi da abokinsa mai ganga suna da wani zane.