Ɓari a mako na 12: sati 3 jini bai ɗauke ba

Assalamu alaikum ungozomomi da likitoci. Mace ce cikinta ya zube a mako na 12, aka ba ta misoprostol, maganin da ke sa mahaifa ta fitar da abin da ke cikinta, mikrogiram 800, ta fitar da gudaji har da jakar ɗan tayin, da idonta ta gani. Yau sati 3 jini bai ɗauke ba, baƙi-baƙi, audugar mata 2 a wuni. Ba zazzaɓi, ba wari, amma gwajin ciki na fitsari har yanzu layi biyu, wato kamar da ciki, hoton ciki kuma ya nuna ɗan saura a mahaifa.

A maimaita maganin ne, ko a yi wankin ciki kawai? Wankin take tsoro. Ba ta barci, da ta ga jinin sai kuka, wai ɗaukar kaya ne ya jawo ɓarin. Ta ina za a faro mata?