Dole sai an ci amana kafin ƙawance ya mutu?

Alƙalamin Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Littafin matasa nake rubutawa, na kai babi na 14 na cije. 'Yan mata ne biyu, tun suna shekara 7 suke tare, benci ɗaya, sirri ɗaya. Da suka kai 16 aka raba musu aji, daga nan abu ya fara sanyi. Ba faɗa, ba saurayi a tsakani. Ɗaya ta yi sababbin ƙawaye, ɗayar kuma in ta tura saƙo sai bayan kwana biyu a ce mata "yi haƙuri, ban gani ba", alhali ta ga an buɗe. Yayata ta karanta ta ce labarin lami ne, wai sai in sa ɗaya ta tona asirin ɗaya ko ta ƙwace mata saurayi. Zuciyata ta ƙi. Amma mai karatu zai jure?

Ummu Sadiƙ:
Don Allah ƙanwata ki bar saurayin nan, mun gaji. Ni tawa haka ta mutu. Ranar da na san an gama, a bakin wata na ji mahaifin ƙawata na kwance ba lafiya, ni da ko ciwon kai ta yi nake fara sani. Na je dubiya, muka gaisa kamar baƙi, har da "na gode da zuwa". Shekarata 34 yanzu, godiyar nan ba ta bar ni ba.

Ɗan Littafi:
Ni ina ɗan bayan Yayarki. Ba sai an ci amana ba, amma wa ke ba da labarin? In wadda aka bari ce kaɗai, tausayinta za mu yi ta ji har mu ƙosa. Ki ba wa mai tafiyar ko babi biyu. Wataƙila gajiya ta yi da "da wa kika fita?" da fushin da ba ya ƙarewa sai an yi lallashi.

Alƙalamin Dare:
Malam, ka sosa min inda yake ƙaiƙayi. Gaskiya, a rayuwa ni ce na daina amsa saƙon. Shi ya sa na laɓe a bakin wadda aka bari, ta fi sauƙin rubutawa.

Ummu Sadiƙ:
To ki zauna ki rubuta babin nan, ƙanwata. Ni dai ina son jin dalilin.