Wane gidan abinci mai rassa kuka fi amincewa da shi, na cin sauri da na zama da iyali?

Baban Walida ya rubuta:

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Abuja, kuma da yake iyalina suna can gida har sai yara sun kammala zangon karatu, cin abincina na rana ya koma waje gaba ɗaya. A Katsina ban taɓa damuwa da wannan ba, domin ko ban koma gida ba na san mai tuwon da zan nufa, ita ma ta san irin miyar da nake so ba sai na buɗe baki ba. A nan kuwa ɗan lokacin da ke tsakanin idar da sallar Azahar da komawa ofis bai wuce rabin sa'a ba, shi ya sa abokan aiki suke ja na zuwa gidajen abincin nan masu rassa da yawa, waɗanda fentinsu ɗaya ne, kayan ma'aikatansu ɗaya ne, ko a Wuse ka shiga ko a Gwarimpa.

Tambayata ta rabu biyu. Da farko, a cikin irin su Chicken Republic da Kilimanjaro da KFC da sauransu, wanne ne kuka fi samun natsuwa da shi idan ana son a ci a tashi cikin hanzari, ko a ƙunsa wa mutum ya tafi da shi ofis, ba tare da albashin wata ya ƙare a kan kaza ba? Na biyu, idan Allah ya kai mu hutu iyali za su zo, yara uku da mahaifiyarsu, kuma ina son in fita da su wurin da za a zauna a ci a tsanake, ba wurin da za a tsaya mana a ka ana jiran mu tashi a karɓi kujera ba. Babbar 'yata ta riga ta sa rai da fiza, mahaifiyarsu kuwa na san idan babu tuwo ko wani abu mai kama da shi, cewa za ta yi ba ta ci abinci ba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin gari.

Tsohon Ma'aikaci ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da zuwa, Allah ya sa canjin ya zama alheri. Kafin in ba ka amsa, bari in faɗi abin da shekaru suka koya mini game da waɗannan wurare: ba don sun fi kowa iya girki ake zuwa ba, ana zuwa ne don mutum ya san abin da zai tarar. Mai tuwonka ta Katsina ta fi su hannu nesa ba kusa ba, amma ita ɗaya ce, kuma ba za ka same ta a Fatakwal ba ranar da aiki ya jefa ka can.

Mu da muka fara aiki a Legas, Mr Bigg's muka buɗi ido da shi. Kamfanin UAC ne ya buɗe shi a Marina a shekarar 1986, kuma a wancan zamanin idan aka ce an kai yaro can an saya masa mitfai da lemo, to labarin zai kai sati yana bayarwa a makaranta. Daga baya Sweet Sensation ya fito a 1994, Tantalizers ya biyo baya a Festac a 1997, duk a Legas, aka shiga gasa. Mr Bigg's ya yaɗu ƙwarai ta hanyar ba 'yan kasuwa izinin buɗe reshe da sunansa, har rassansa suka haura ɗari, a 2013 kuma kamfanin Famous Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 49 cikin ɗari na harkar. Yau dai ba shi ke jan ragamar kasuwar ba, amma duk wanda ya kai shekaruna idan ya hangi tambarin sai ya ji wani abu ya motsa masa.

Ga cin sauri na rana, ni Chicken Republic nake zaɓa, wanda kamfanin Food Concepts ya fara a 2004. Dalilina ba wani mai zurfi ba ne. Sun fahimci cewa ɗan Najeriya ba ya ɗaukar burodi da soyayyen dankali a matsayin abincin rana, sai suka sa shinkafa a gaba, dafa-duka ko soyayya, da yankan kaza ɗaya a gefe. Haɗin nan da suke kira Refuel, wanda a shekarun baya ake sayarwa naira 500, shi ya jawo musu ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Farashin ya tashi tuni kamar yadda na komai ya tashi, musamman bayan cire tallafin man fetur a 2023, ga kuɗin gas na janareta da ke kunne tun safe har dare, amma har yanzu shi ne abin da ma'aikaci zai iya saya sau biyu ko uku a mako bai taɓa kuɗin cefane ba. Kazarsu tana da yaji irin wanda bakinmu ya saba da shi.

KFC kuwa a 2009 ya shigo ƙasar nan, ta Legas. Kazarsa ta fi ƙamas-ƙamas saboda ɓawon fulawar da ake soya ta da shi, su ma kuma dole ta sa sun ƙara shinkafa a cikin abin da suke sayarwa. Ina zuwa can jifa-jifa, in marmari ya taso. Shawara ɗaya da zan ba ka ita ce ka riƙa isa kafin ƙarfe ɗaya da rabi, domin daga nan layi yake tsawo a kowane reshe da ke kusa da ofisoshi, sannan ka duba kwanon da ake ɗebo shinkafar: idan ya kusa ƙarewa, haƙurin minti biyar ka jira sabo ya fi maka.

Maman Hanif ta rubuta:

Baban Walida, sannu da hidima. Ni ɓangare na biyu zan amsa, domin shi na sani, kusan kowane hutu sai mun fita da namu huɗun.

Don mahaifiyar yara, Kilimanjaro za ku nufa. Na kamfanin Sundry Foods ne da ke Fatakwal, kuma abin da ya bambanta shi da masu kaza zalla shi ne abincin gida da suke jerawa a bayan gilashi, kana gani kana nunawa ana zuba maka: sakwara, teba, miyar agushi, miyar ganye, alale, farfesu, soyayyar ayaba, shinkafa iri-iri. Sai dai ka gaya mata tun daga gida cewa girkin Kudu ne, kada ta sa ran miyar kuka da man shanu ko tuwon shinkafa da miyar taushe. Manja ya fi yawa a miyar, akwai kuma busasshen kifi da ganda, wanda wasu matanmu ba su saba da su ba. Ni dai agushinsu da sakwara ya karɓe ni. Amma a kula da abu ɗaya, kowane abu da kuɗinsa daban: malmala daban, miya daban, kowane yankan nama daban, ga harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake biya a kan kaya. Idan aka bar yara suna nuna wannan suna nuna wancan, sai an zo biya za a ga jimillar ta ninka abin da aka yi niyya.

Fizar Walida kuma, Domino's ne ya fi sauƙin samu. Kamfanin Eat'N'Go ne ya kawo shi a 2012 tare da masu askirim ɗin nan na Cold Stone, shi ya sa sau da yawa za ka gan su a gini ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa. Suna da wata fiza mai kaza da ɗanɗanon yajin tsire, ita ce nake fara ba wanda bai saba ba, domin cukwin da ke kai yakan gundure baƙon baki tun a yanka na biyu. Babba guda ɗaya ta ishi yara uku su ɗanɗana. Kada ka sayi biyu a zuwan farko.

Abin da na fi son in ja hankalinka a kai shi ne wurin zaman kansa, don sunan da ke kan allo bai isa ya gaya maka komai ba. Sallar bara mun shiga wani reshe, ba zan faɗi na waye ba, da misalin ƙarfe huɗu na yamma. Esi ya mutu, tebur ukun da babu kowa duk da ragowar ƙasusuwa da jiƙaƙƙun takardun goge hannu a kai, ƙaramin nawa yana kuka yana son bayan gida, da muka tambaya aka ce mabuɗin yana hannun wani da ya fita. Muka tsaya riƙe da tire har shinkafar ta huce. Sati biyu bayan haka muka shiga wani reshen na kamfani ɗaya a wata unguwa, tsaf-tsaf, har wata ma'aikaciya ta jawo mana kujera ta haɗa tebur biyu ba mu roƙa ba. Tun daga ranar nake cewa maigidan ya fara leƙawa shi kaɗai ya duba abu uku: bayan gida, wurin alwala ko masallaci a kusa, da wurin ajiye mota. Kuma ranar Sallah da washegarinta ba ranakun fita ba ne ga mai son natsuwa, a bari sai rana ta uku ko ta huɗu, da hantsi.

Alhaji Na Kwari ya rubuta:

Malam, ka ce wanne muka fi so, to ni gaskiya nawa ba a ƙasar nan yake ba. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Hajji ko Umara ya san Al Baik. A Jidda aka kafa shi a 1974, kuma shekaru da dama ba a samunsa sai a yammacin Saudiyya, wajen Jidda da Makka da Madina, har mutanen Riyad sukan yi tsarabarsa idan sun zo. Kaza ce soyayya wadda yajin ya ratsa har cikin tsoka, ba a bayan fata kawai ya tsaya ba, a ba ka da burodi da dankali da wani farin haɗin tafarnuwa a ɗan ƙaramin mazubi, wanda shi ne sirrin abin a wurina. Suna yin jatan lande da kifi ma. Na taɓa tsayawa a layinsu bayan sallar Isha'i, mutum ya fi a ƙirga, Bature da Balarabe da ɗan Indunusiya da mu, amma kana biya aka ba ka lamba, ba ka gama gaisawa da na kusa da kai ba an kira ka. Wannan tsarin nake fata masu namu su koya. Akwai kuma Al Tazaj da aka fara a Makka, masu gasa kaza a kan gawayi, wanda ya fi dacewa da dattijan da likita ya hana maiƙo.

Tunda dai a Abuja kake, kada ka manta muna da namu mai rassa, wato Yahuza Suya. Gasasshiyar kaza da tsire da kilishi, da yaji da albasa da kabeji a gefe, a naɗe maka ka wuce. Ba wurin shimfiɗa zama da yara ba ne kamar waɗanda Hajiya ta lissafa, amma ranar da ka tashi aiki a gajiye, rabin kaza da burodi da shayi a gida ya fi maka kowace fiza. Game da yanka kuma, wanda na san zai zo maka a rai ko ba ka faɗa ba, ɗabi'ata ita ce duk inda na shiga a karon farko sai in nemi manaja in tambaye shi daga ina kajinsu suke zuwa. Wanda ya amsa kai tsaye na zauna, wanda ya hau kame-kame na yi masa sallama.

Ɗalibar Lissafi ta rubuta:

Ina neman afuwar manya, amma ina ganin an bar wani abu a baya. Baba ya ce ba ya son albashi ya ƙare a kan kaza, kuma ko mafi arhar haɗin da aka ambata, idan aka ninka shi da ranakun aiki 22 na wata, kuɗi ne da zai sayi rabin buhun shinkafa ko ya doshi haka. Kusa da kusan kowace ma'aikata a Abuja akwai mata masu sayar da abinci a rumfa, kuma masinjoji da direbobin ofis sun san wadda ta fi tsafta, su ya kamata a tambaya. Gidajen masu rassa a bar su ga ranar da aka makara, ko ranar da ruwan sama ya hana fita, lokacin da za a iya yin oda ta manhaja irin Chowdeck a kawo har bakin ofis, duk da cewa kuɗin ɗan aiken ma ƙari ne.

Baban Walida ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. 'Yata mai lissafi, kin taɓo inda yake mini ciwo, gobe zan tambayi direbanmu, shi ban taɓa ganinsa a layin kaza ba kuma kullum a ƙoshe yake. Hajiya Maman Hanif, ranar Asabar zan leƙa rassa biyu da ke kusa da masaukina in duba abubuwan nan uku. Sai dai wata tambayar ta taso mini: idan muka ci sakwara a wuri ɗaya, fizar kuma tana wani wurin, shin suna barin mutum ya shigo da abincin wani gidan ya zauna da shi, ko kuwa dole sai dai mu nufi irin Jabi Lake Mall inda masu abinci da yawa suke ƙarƙashin rufi ɗaya?