Shekarata 21, ina son zama ɗan tseren babur: na makara ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Shekarata 21, gyaran babur ne sana'ata, kuma tun ina yaro babu abin da ke raina kamar tseren babur na kan kwalta, irin na MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya. Ban taɓa shiga gasa ba, amma hannuna ya faɗa a tuƙi. Na tara ɗan kuɗi, ina tunanin ajiye aiki in sayi babur in fuskanci abin gadan-gadan. Mahaifiyata ko jin zancen ba ta so. Ta ina ake farawa, kuma shekaruna ba su wuce ba?

Wani daɗaɗɗen mai bin gasar: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda gaskiya ka nema, MotoGP kam da wuya ƙwarai. Kujerun mahaya 22 ne kacal, kuma kusan duk waɗanda ke kansu tun suna ƙananan yara suke kan babur. Marc Márquez yana ɗan shekara 4 ya fara, ya ci kambun duniya na ajin 125cc a 2010, ya ci na MotoGP a 2013 yana da shekara 20. Ka ga a shekarunka na yanzu shi ya riga ya kai ƙololuwa. Mataki-mataki ake hawa: ƙananan babura na yara, sai gasar matasa irin Red Bull Rookies Cup da aka fara a 2007, sai Moto3, sai Moto2, sannan MotoGP. Kuma ƙungiyoyi a Sifen da Italiya suka fi zuba ido. Casey Stoner yana ɗan shekara 14 iyayensa suka tattara suka bar Ostireliya zuwa Ingila, don can ne doka ta yarda yaro irinsa ya yi tsere a kwalta.

Wani mamba: Yaya, ka faɗi gaskiya amma ba ka ƙarasa ba. MotoGP ba ita kaɗai ce tsere ba. Max Biaggi sai da ya kai 18 ya fara, ya kuma ci kambun 250cc sau huɗu a jere daga 1994 zuwa 1997. Troy Bayliss fentin mota ya koya, ya haura 20 kafin ya shiga tseren kwalta, ya ci gasar Superbike ta duniya a 2001 da 2006 da 2008. Na yarda zamani ya canza, irinsu kuma ba su da yawa. Amma akwai gasannin ƙasa, akwai na dogon zango da ake karɓa-karɓa. Ɗan'uwa, ka fara gwada kanka da agogo a filin tsere na gaske, domin iya tuƙi a titi daban, iya shan kwana da guiwa a ƙasa daban.

Wani makanike: Abokin sana'a, abu ɗaya ya tsaya mini a rubutunka: ajiye aiki. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Mutane suna ganin sayen babur shi ne kashe kuɗin, alhali shi ne mafi sauƙi. Taya ita ke cin mutum, don ta tsere ba ta jimawa. Ga kuɗin shiga kowace gasa, ga lasisi daga hukumar tseren babura ta ƙasa wadda ke ƙarƙashin FIM, hukumar tseren babura ta duniya, ga inshora, ga jigila, ga gyara duk lokacin da ka faɗi, kuma za ka faɗi. A ƙananan aji ba a biyan mahayi albashi, sau da yawa shi ne ma yake kawo wa ƙungiya kuɗi ko mai ɗaukar nauyi kafin a ba shi babur. John McGuinness, wanda ya yi nasara sau 23 a gasar TT ta tsibirin Man, magini ne kafin tsere ya fara ciyar da shi.

Sannan sana'ar nan taka jari ce babba. Abin da wasu ke biya a yi musu, kai da hannunka za ka yi. Ka nemi ƙaramar ƙungiya ka riƙa taya su aiki ranar gasa. A nan za ka koyi saita shokozoba da zaɓen taya, masu abin kuma su san fuskarka.

Wata uwa: Ɗana, ni maganar mahaifiyarka zan yi, don na ga kowa ya tsallake ta. Tsoronta ba na banza ba ne. A 2021 kaɗai yara uku suka mutu a filin tsere: Jason Dupasquier mai shekara 19 a Mugello, Hugo Millán mai 14 a Aragon, da Dean Berta Viñales mai 15 a Jerez. Dukkansu faɗuwa suka yi, na baya ya bi ta kansu. Dalilin da ya sa ke nan aka ɗaga shekarun shiga gasar duniya zuwa 18 daga 2023. Wayne Rainey yana da kambun duniya uku ya faɗi a Misano a 1993, tun daga ranar yake kan keken guragu. Ka zaunar da ita, ka nuna mata hular kwano da rigar fata da abin kare gadon baya da za ka saya tun kafin babur. Ka yi mata alkawari ba za ka taɓa gwada gudu a titin jama'a ba. In ta ce ka dakata, ka dakata ka ci gaba da lallashi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Aiki kam na fasa ajiyewa, kuma Mama, zan yi yadda kika ce. Saura tambaya ɗaya: wane babur zan fara da shi? Raina yana kan mai 600cc.

Wani makanike: A'a, 600 ya yi maka ƙarfi yanzu. Nemi na hannu mai 300 zuwa 400cc, irin Yamaha R3 ko Kawasaki Ninja 400. Ba ya cin taya sosai, kayan gyaransa ba wuya, kuma da yake ba shi da ƙarfin da zai rufa maka asiri a miƙaƙƙiyar hanya, dole ka koyi taka burki da shiga kwana. Kafin ka biya, ka duba firam da kyau ko ya taɓa lanƙwashewa.