Karena ya hana maƙwabta barci, wane bel ɗin hana haushi zan saya?

Baban Sadiku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga wani ƙauye nake a gefen Ringim, shawara nake nema. Bara aka shiga garkena aka kwance mini tumaki biyu ana saura kwana shida Babbar Sallah, shi ya sa na samo kare, muna ce masa Zaki. Tun zuwansa ko kaza ba a sake ɗauka ba. To amma tun shigowar hunturun nan, da an idar da sallar isha'i sai ya kama haushi, ba ya sararawa sai goshin asuba.

Katangarmu ɗaya da wani dattijo mai fama da hawan jini, ga surukarsa tana jego. Shekaranjiya a ƙofar masallaci ya riƙe hannuna, idanunsa jajur, ya ce, "Ɗana, a duba mana lamarin karen nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙanena da ke Kano ya turo mini hoton wani bel da ake ɗaura wa kare a wuya don ya daina haushi. Wanda ya san shi ya taimaka: wanne ya fi, kuma ba ya cutar da dabba?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Na taɓa saya wa karen gidan gonarmu. Iri huɗu na sani: mai yin ƙara, mai jijjiga kamar waya, mai fesa turaren citronella a saitin hanci, sai mai shokin. Mai fesawar ka manta da shi, in ruwan ya ƙare samun wani aiki ne.

Abin da za ka fi dubawa shi ne yadda bel ɗin ke gane haushi. Masu araha kunne kawai gare su, ko karen wani gida ne ya yi haushi sai naka ya sha horo. A ƙauye kuwa ka san in ɗaya ya fara duk gari sai ya ɗauka. Ka nemi wanda ke haɗa jin ƙara da motsin maƙogwaro, kuma mai caji, ka riƙa jona shi a sola. Kada ya matse, yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya. Kar ya kwana ya wuni da shi, ƙarafunan nan biyu da ke taɓa fata suna jawo gyambo.

Sarkin Dawa:
Baban Sadiku, ni tambaya zan yi maka. Da rana ina karen yake? In a turke yake wuni ya kwana, to ba bel yake buƙata ba. Shekara fiye da ashirin ina farauta da karnuka, wanda ya sha gudu a dawa ya ci ya ƙoshi, in dare ya yi kwanciya yake, sai ya ji baƙon motsi zai ɗaga kai. Kuma ka ce da sanyi ya fara. Karnukanmu na gida ba su da gashin kirki, in ka bar shi a fili iska na dukansa dole ya yi ta kuka.

Ka tuna don haushin ka kawo shi. In ka koya masa cewa buɗe baki azaba ne, ranar da ɓarawo zai haura katanga shiru zai yi maka.

Maman Husna:
Ina aiki a wani asibitin dabbobi a nan Jigawa, kuma ina bayan maganar Baba Sarkin Dawa. Don Allah Malam ka bar mai shokin ɗin nan. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010 saboda wahalar da dabba. Karen da ke haushi don tsoro, in ka ƙara masa zafi, yana iya komawa cizo, ga yara a gida. In dole sai ka saya, ɗauki mai jijjiga ka fara daga matakin ƙasa.

Kafin nan ka buɗe kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ka duba kaska. Sannan an yi masa allurar haukan kare? Duk shekara ake sabuntawa. In ka ga muryarsa ta sauya, yana dalalar da miyau ko yana cizon abin da bai saba ba, kar kowa ya matso shi, a kira ma'aikacin dabbobi nan take.

Baban Sadiku:
Allah ya saka da alheri. Baba, gaskiyarka, a turke yake dare da rana, saboda matan gida ba sa son ya taɓa musu kwanuka. Hajiya, na duba kunnensa na hagu, kaska bakwai na cire, wasu sun yi ɓul-ɓul da jini kamar ƙwayar wake. Allura kuwa ba a taɓa yi masa ba, jibi zan kai shi Ringim.

Jiya da la'asar Sadiku ya tafi da shi fadama, da dare na mayar da shi bayan rumbu inda iska ba ta kaiwa, na shimfiɗa masa tsohon buhu. Sau biyu kawai na ji shi, na biyun ma da na leƙa da tocila jakin wani ne ya tsinke. Na ce wa ƙanena ya dakata da sayen bel ɗin zuwa sati biyu. In Allah ya kai mu asuba zan tambayi dattijon ko ya samu ya runtsa.