Bach ko Yamaha? Ina neman shawara kan tirampet kafin yayana ya taso daga Amurka

Ɗan_Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mabushin tirampet ne a wata ƙungiyar badujala a nan Kumasi. Wanda ya san garin ya san yadda Asabar take: makokin Asantawa tun daga hantsi har faɗuwar rana, muna tsaye a rana ko muna tafe bayan gawa. Lahadi kuma biki a Zongo, Asawase ko Sabon Zongo, wani lokaci da dare a kira ni in cike gurbi a wata ƙungiyar hailaif, kiɗan rawa na Ghana.

Tirampet ɗin da ke hannuna na ɗalibai ne, ko sunan kirki ba shi da shi. Bawul na biyu, cikin ukun da ake dannawa da yatsu, yana maƙalewa in rana ta yi zafi, gumin hannuna ya cinye fentin, kuma in na hau sama sautin sai ya tsuke. Yayana da ke Bronx zai zo gida, ya ce zai iya sa mini dala 2,000, in faɗa masa abin da nake so. Shi direban tasi ne, bai san komai a kan kayan busa ba, abin da na rubuta masa shi zai saya.

Shugaban ƙungiyarmu ya ce Bach Stradivarius 37 ko kuwa kada in ɓata kuɗin. Wani abokina da ke busa Yamaha Xeno ya ce in sayi irinsa. Na kuma ji ana ambaton Schilke da Getzen. Ba zan samu damar busa wanda za a saya ba kafin a biya kuɗi, wannan shi ne ya hana ni barci. Manya, me kuka gani?

Baba_Saje_Mai_Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi aiki a badujalar gwamnati har na ajiye kaki, kuma Bach nake riƙe da shi har gobe, saboda haka ka san ɓangaren da nake tun kafin in fara.

Shugabanku bai yi ƙarya ba. Vincent Bach shi kansa mabushi ne, mutumin Austiriya da ya koma Amurka, ya fara ƙera kan busa, wato ɗan ƙarfen da ake ɗora wa leɓe, a New York a 1918, daga baya ya shiga ƙera tirampet ɗin gaba ɗaya. A 1961 ya sayar wa Selmer kamfanin, aka mayar da aikin Elkhart a jihar Indiana. Lambar 37 da kake ji, siffar bel ce, wato faffaɗan bakin da sauti ke fita. Akwai 43 mai sauti mai haske, akwai 72 mai faɗi da duhu, amma 37 ita ce tsaka-tsaki, shi ya sa ta cika duniya. Cikakken sunan da za ka rubuta wa yayanka shi ne 180S37, S ɗin na nufin mai ruwan azurfa.

Abin da ya sa nake son sa, sautinsa yana da ƙashi. In kuna goma sha biyu a fili, ga ganguna suna rugugi, mutumin da ke can ƙarshen rumfa zai ji ka ba tare da ka tsage leɓe ba. Kuma yana shiga cikin sauran ƙahoni ya zauna, ba ya tsallake su.

Sai dai sabo ya haura dala 3,000, kuɗinka ba su kai ba, dole na hannu. Kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan zai gaya maka kowane Bach da halinsa. Ka jera uku masu lamba ɗaya, ɗaya ya buɗe maka kamar ya san ka, ɗaya ya riƙa gardama da kai. Masu kuɗi sukan busa biyar su zaɓi guda. Kai ba ka da wannan gatan.

Wani abu kuma, tunda kana taɓa hailaif. Mahaifina yana cikin taron da ya tarbi Louis Armstrong, shahararren mabushin Amurka, a Ankara, babban birnin Ghana, a 1956, lokacin da ya yi wasa tare da E.T. Mensah, sarkin hailaif. Armstrong ba Bach yake busawa ba, Selmer na Faransa ne a hannunsa. Don haka in shugabanku ya ce babu tirampet sai Bach, ka gaishe shi, ka ce Baba Saje ya ce ya rage gishiri.

Mai_Gyaran_Ƙaho_Nima:

Baba, a gafarce ni, zan shiga maganar manya. Ni ba gwanin busa ba ne, gyara nake yi a nan unguwar Nima ta Ankara, saboda haka ina ganin tirampet ne ranar da ya kwanta ciwo.

Ɗan'uwa, tambayarka ba wane ne ya fi ba ce. Tambayarka ita ce wanne za a saya maka ido rufe ya zo daidai. A nan Yamaha ya fi kwanciyar hankali, don aikinsu iri ɗaya yake fita, wanda ka busa a hannun abokinka kusan shi ne zai iso maka a akwati. Ka nemi Xeno YTR-8335. Faɗin bututunsa inci 0.459 ne, daidai da na Bach 37, fistin ɗinsa, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin bawul, shi ma na ƙarfen monel ne kamar na Bach, ba wani baƙon abu za ka tarar ba. In kuɗi sun gaza, YTR-6335 shi ma na ƙwararru ne kuma ya fi araha. Kada dai yayanka ya ruɗe ya ɗauko YTR-2330, wannan na 'yan makaranta ne, ka koma inda ka fito ke nan.

Ko wanne ka zaɓa, ya zama mai ruwan azurfa. Fenti mai ruwan gwal ba ya jure gumin ƙasar nan, musamman mai tsayuwa a rana irinka. Azurfa takan yi baƙi, amma goge ta kawai za ka yi ta dawo.

Ga abin da za ka sa yayanka ya yi kafin ya zaro kuɗi. Ya je shagon kayan busa na gaske mai ɗakin gyara, ba wajen wani da ya gani a Facebook ba. Jabu ya yi yawa, an sha kawo mini masu rubutun Stradivarius ɗauɗau a jiki, ina kwance bawul ɗin sai in ga abin kunya. In ka ji an ce sabon Bach dala 400, ka san amsar.

Ya ɗauko maka hoton lambar da ke jikin gidan bawul na biyu, da rubutun da ke kan bel. Ya ɗauki hoton bututun farko, wanda kan busa ke shiga, a wuri mai haske. In ka ga ɗigo-ɗigo ja ko ruwan hoda, ko azurfar ta yi ƙuraje, a bar shi. Tagullar tirampet haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, yawu yakan cinye tutiyar daga ciki, abin da ya saura sai ya zama rauni har ya huje. Ana iya canja bututun, amma ba aikin da za ka so ka fara da shi ba ne.

Sai gwajin bawul, wanda ko direban tasi zai iya. Ya ja bututun bawul na farko waje ba tare da ya danna komai ba. In ya ji "fop", bawul ɗin na riƙe iska. In ya fita shiru, sun cinye, kuma gyaran wannan sai an mayar da shi waje. Ya yi haka yana ɗaukar bidiyo ya turo maka ta WhatsApp ka ji da kunnenka.

Hajara_Madina:

Sannunku. Ina koyar da kiɗa a wata makaranta a Ankara, kuma ni ke ɗaukar saman layi a ƙungiyarmu ta hailaif. Ina so in ja hankalinka kan abin da ba a taɓa ba: nauyi.

Bach 37 da Xeno duka masu jiki ne, an gina su da tunanin zauren kiɗa. Kai kuwa awa shida kake yi a tsaye. Akwai marasa nauyi da ke amsawa da wuri, sautinsu ya tashi da ƙyalli ba sai ka matsa ba. Schilke na jerin B haka suke, ana yin su a yankin Chicago, sai dai da wuya ka samu a kuɗinka. Renold Schilke ɗin nan ma shi ya taimaka wa Yamaha tsara tirampet ɗinsu tun shekarun 1960, jinin ɗaya ne ta wani gefen. Yamaha suna da YTR-8310Z, wanda suka yi da mabushi Bobby Shew, shi nake busawa, kuma bayan doguwar rana leɓena yakan saura. Getzen Eterna 900 ma kada ka raina shi. Bawul ɗin Getzen sun yi suna wajen santsi, na hannu kuma yakan zo ƙasa da kasafinka sosai, har yayanka ya samu canji.

Illarsu ita ce a badujala, in sauran suna da sauti mai kauri, naka zai riƙa fitowa daban, shugabanku ya fara hararka. Kai ka san wanne ya fi kawo maka abinci, makoki ko hailaif.

Wane kan busa kake amfani da shi? In har yanzu mai lamba 7C ɗin da ya zo da tirampet ɗin ne, wataƙila rabin tsukewar da kake ji daga nan take. Ka sa a haɗo maka da 3C ka gwada, kuɗinsa kaɗan ne.

Ɗan_Aboabo:

Allah ya saka da alheri, Baba, da kai Malam, da Anti Hajara. 7C ɗin ne kuwa, Anti. Gaskiya makoki ne ke ciyar da ni, hailaif na marmari ne, shi ya sa nake ganin marar nauyin ba nawa ba ne yanzu.

Jiya na je wajen abokin nan nawa na roƙe shi Xeno ɗinsa na busa bayan la'asar. Sautin D na ƙasa sai da na tura zoben bututu na uku kamar kullum, amma sauran sautukan suna faɗawa wurinsu ba tare da na lanƙwasa leɓe ba. Zuciyata ta karkata can. Abin da ya rage, na ga wasu an rubuta 8335S, wasu 8335RS. Mene ne bambancin? Kuma Baba, kada ka yi fushi da ni.

Baba_Saje_Mai_Ritaya:

Fushin me, ɗana? Kai za ka busa, ba ni ba. In ka shigo Ankara ka neme ni ka taɓa nawa, ko don ka san abin da ka bari.

Mai_Gyaran_Ƙaho_Nima:

R ɗin na nufin an juya haɗin bututun farko: maimakon bututun daidaita sauti ya shige cikinsa, sai ya hau kansa, mahaɗar ta matsa gaba. Masu shi suna cewa iska ta fi wucewa sakayau. Ka duba na abokinka, wanda ka busa ka ji daɗinsa shi za ka rubuta, harafi da harafi, kada ka canja saboda abin da ka karanta.

Ka ce wa yayanka ya riƙo shi a hannu cikin jirgi, kada ya jefa shi cikin manyan kaya, kuma ya ajiye rasit saboda kwastan. Ya haɗo da kwalabe uku ko huɗu na man bawul, Al Cass ko Hetman, da man bututu, da dogon burushin wanke ciki. Da hunturu ƙura takan shiga bawul, ka riƙa goge fistin kafin ka ɗiga mai, kada ka ɗiga a kan datti. In ya iso ka turo mini hoton bututun farkon in gani.